Gustav Tammann

Gustav Heinrich Johann Apollon Tammann (an haife shi ranar 28 ga Mayu, 1861, ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1938) masanin kimiyyar sinadarai ne, Bajamushe ɗan asalin yankin Baltik. Ya koyar a Jami'ar Dorpat, wadda yanzu ake kira Jami'ar Tartu a ƙasar Istoniya, daga baya ya koma Jami'ar Göttingen a Jamus. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa ilimin ƙarafa na zamani, kuma yana cikin mutanen farko da suka yi bincike mai tsari kan yadda narkakken abu ke zama gilashi. Ya nuna cewa gilashi narkakken abu ne da aka sanyaya har ya sandare ba tare da ƙwayoyinsa sun samu damar jeruwa ba. Sunansa yana cikin lissafin Vogel–Fulcher–Tammann, wanda har yau ake gwada ra'ayoyin masana da shi kan dalilin wannan sandarewa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Tammann a garin Yamburg da ke yamma da birnin Saint Petersburg, a zamanin Daular Rasha. Yanzu sunan garin Kingisepp. Ana lissafa shi cikin Jamusawan Baltik, al'ummar da ta daɗe a ƙasashen da a yau ake kira Istoniya da Latbiya, tana magana da Jamusanci duk da cewa tana ƙarƙashin mulkin sarkin Rasha. Mahaifinsa likita ne.

Ya yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Dorpat, inda a lokacin ake koyarwa da Jamusanci. Babban malaminsa shi ne Carl Schmidt, wanda shi ne kuma ya koyar da Wilhelm Ostwald. Ayyukan Tammann na farko sun shafi tururin da ke tashi daga ruwan da aka narkar da gishiri iri-iri a ciki, da yadda ruwa ke ratsa siririyar fata, da yadda sinadaran enzayim ke aiki. A shekarar 1890 ya samu digirin dakta da bincike kan sinadaran metafosfet. A waɗannan shekaru ne ake kafa sabon fanni mai haɗa fiziks da kimiyyar sinadarai, kuma Tammann ya yi hulɗa da jagororinsa, irin su Ostwald da Svante Arrhenius da Walther Nernst.

A farkon shekarun 1890 ya gaji kujerar Schmidt a matsayin farfesa. Lokacin ya zo daidai da matakin gwamnatin Rasha na mayar da makarantun yankin zuwa harshen Rashanci. A 1893 aka sauya wa garin Dorpat suna zuwa Yuryev, kuma malamai da dama masu koyarwa da Jamusanci suka bar jami'ar a shekarun da suka biyo baya. Tammann ya zauna har zuwa farkon sabon ƙarni.

Bincike kan matsi da ƙanƙara

A Dorpat ya ƙera na'urorin da ke matse abu da ƙarfin da ya kai ninki dubbai na nauyin iskar da ke kanmu, domin ya ga yadda matsi ke sauya matakin zafin da abu ke narkewa. A shekarar 1900 ya ba da rahoton cewa ruwa yana da wasu nau'o'in ƙanƙara ban da wadda kowa ya sani. Su ne ake kira ƙanƙara ta II da ƙanƙara ta III. Suna samuwa ne idan matsi ya kai wajen ninki 2,000 na nauyin iska, kuma sun fi ruwa nauyi, saɓanin ƙanƙarar da aka saba da ita wadda ke yawo a saman ruwa. Ba'amurke Percy Bridgman ya ɗora a kan wannan aiki, ya gano ƙarin nau'o'i a 1912, kuma ya samu lambar yabo ta Nobel a 1946 saboda bincikensa kan matsi mai tsanani. Tammann ya tattara sakamakon waɗannan shekaru a littafinsa Kristallisieren und Schmelzen na 1903, wanda ke magana kan daskarewa da narkewa.

Komawa Göttingen da ilimin ƙarafa

A shekarar 1903 aka kira shi Göttingen ya shugabanci sabuwar cibiyar nazarin sinadaran da ba na halittu masu rai ba. Bayan 'yan shekaru ya karɓi cibiyar da Nernst ya kafa kafin komawarsa Balin a 1905, ya riƙe ta har ya yi ritaya a 1930, Arnold Eucken ya gaje shi.

A Göttingen ya mayar da hankali kan gaurayen ƙarafa. Hanyar da ya inganta mai sauƙi ce. Ana narkar da ƙarafa biyu tare, a bar su su huce, ana rubuta zafinsu lokaci bayan lokaci. Duk inda saukar zafin ta tsaya ko ta rage gudu, alama ce cewa wani abu yana daskarewa a ciki. Idan aka maimaita da gauraye daban-daban, ana iya zana taswirar da ke nuna abin da zai samu a kowane haɗi da kowane zafi. Shi da ɗalibansa sun zana irin wannan taswira ga ƙarafa masu yawa, kuma ya ƙirƙiri wani murhun lantarki mai bututun gawayi da ake kira da sunansa. Littafinsa Lehrbuch der Metallographie na 1914 ya zama jagora ga masu koyon fannin. Cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa akwai Georg Masing da Werner Köster, da kuma Kotaro Honda na Japan, wanda daga baya ya shahara da ƙera ƙarfen maganaɗisu.

Wasu ƙa'idoji biyu sun fito daga wannan aiki. Ta farko ita ce abin da ake kira zafin Tammann: ƙwayoyin daskararren abu suna fara motsi sosai idan zafi ya kai kusan rabin matakin narkewarsa a ma'aunin Kelbin. Baƙin ƙarfe, alal misali, yana narkewa a digiri 1,538 na Salshiyas, don haka zafin Tammann nasa yana wajen digiri 630. Wannan ya taimaka wajen fahimtar yadda garin abubuwa biyu ke haɗewa a murhu ba tare da sun narke ba. Ta biyu, wadda ya wallafa a 1920, ta shafi dattin da ke rufe fuskar ƙarfe idan iska ta ci shi: yayin da rufin ke ƙara kauri, girmansa yana rage gudu, ta yadda sai an ninka lokaci sau huɗu kafin kaurin ya ninka sau biyu.

Yadda narkakken abu ke zama gilashi

Yawancin daskararrun abubuwa, kamar gishiri da sukari da ƙarfe, kiristal ne. Ma'ana, ƙwayoyinsu suna jere cikin tsari mai maimaita kansa, kamar tubali a jikin katanga. Idan narkakken abu ya huce ya kai matakin daskarewarsa, abin da aka saba gani shi ne ƙwayoyin su shiga wannan jeri. Amma sau da yawa jerin ba ya farawa nan take. Abu yana iya wuce matakin daskarewarsa yana nan ruwa-ruwa. Irin wannan shi ake kira ruwan da ya ƙetare daskarewa. Idan aka ci gaba da sanyaya shi da sauri, yana ta ƙara kauri har ya sandare, alhali ƙwayoyinsa suna nan a hargitse kamar yadda suke a ruwa. Abin da aka samu shi ne gilashi.

A ma'anar kimiyya, kalmar gilashi ba ta tsaya kan kwalba da madubi ba. Alewa mai tauri da ake dafawa da sukari gilashi ce: an narkar da sukarin, an sanyaya shi kafin ya koma tsaba. Idan ta daɗe ko ta sha danshi, sai ta fara zama gari-gari, wato kiristal ya fara fitowa. Robobi da yawa su ma gilashi ne a zafin ɗaki. Masu sana'ar gilashi, irin su Masaga na garin Bida da ke yin munduwa da tsakiya, sun san da hannu cewa narkakken gilashi ba shi da wani mataki guda da yake daskarewa kwatsam, sai dai ya yi ta ƙara tauri a hankali, kuma wannan ne ke ba su damar ja da lanƙwasa shi.

Tambayar da Tammann ya sa a gaba ita ce me ya sa wani abu ke zama gilashi cikin sauƙi, wani kuma ba ya zama. A wani aiki da ya wallafa a 1898 ya raba daskarewa gida biyu. Da farko sai an samu iri, wato ɗan ƙaramin gungu na ƙwayoyi da suka jeru. Bayan haka sai irin ya girma. Tun da iri ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, sai ya ɓullo da dabara. Yana narkar da abu a bututu, ya sanyaya shi da sauri zuwa wani mataki, ya bar shi na ɗan lokaci, sannan ya ɗan ɗumama shi domin irin da aka samu ya girma har a iya ƙirgawa. Ya yi amfani da sinadarai irin su betol da fiferin, wanda shi ne ke ba masoro yaji.

Sakamakon ya nuna cewa yawan iri yana ƙaruwa yayin da ake sanyayawa, ya kai ƙololuwa, sannan ya ragu. Saurin girma shi ma yana da tasa ƙololuwar, amma a mataki mafi zafi. Idan matakan biyu sun yi nisa da juna, a inda girma ke da sauri babu iri, a inda iri ya yawaita kuma abin ya yi kaurin da ba zai bari ya girma ba. Irin wannan abu shi ke zama gilashi cikin sauƙi. Daga nan Tammann ya yi hasashen cewa abubuwa masu yawa za su iya zama gilashi in dai an sanyaya su da isasshen sauri. An ga gaskiyar hakan a 1960, lokacin da Pol Duwez da abokan aikinsa a Caltech ta Amurka suka samar da gilashi daga gaurayen zinariya da silikon. Haka nan dabarar ɗumamawa mataki biyu ita ce tushen yin kayan da ke tsakanin gilashi da tangaran, waɗanda Donald Stookey ya gano a kamfanin Corning a shekarun 1950.

Lissafin Vogel–Fulcher–Tammann

Kauri a nan yana nufin yadda abu ke ƙin kwarara, kamar yadda zuma ta fi ruwa kauri. Ana auna shi da ma'aunin faskal-sakan. Kaurin ruwan sha yana wajen 0.001. Masana sun saba ɗaukar cewa abu ya zama gilashi idan kaurinsa ya kai wajen tiriliyan ɗaya, kuma matakin zafin da hakan ke faruwa shi ake rubutawa Tg. Ga gilashin taga yana wajen digiri 550 na Salshiyas. Ga gilisarin, wanda kiristal ɗinsa ke narkewa a digiri 18, yana wajen digiri 83 ƙasa da sifiri.

A ruwa na yau da kullum, kauri yana bin ƙa'idar Arrhenius, wadda ke ɗaukar cewa kowace ƙwaya tana buƙatar ƙarfi iri ɗaya kafin ta tsallake maƙwabtanta, ko da zafi ko da sanyi. Ruwan da ya ƙetare daskarewa yakan saɓa wa wannan ƙa'ida, domin kaurinsa yana hauhawa fiye da yadda ta yi hasashe. A 1926 Tammann da W. Hesse suka wallafa awon da suka yi, tare da lissafin da ya dace da shi:

log η = A + B / (T − T0)

A nan η shi ne kauri, T shi ne zafi, A da B da T0 kuwa lambobi ne da ake samu daga awo, kuma sun bambanta daga abu zuwa abu. Hans Vogel ya riga ya rubuta irin wannan lissafi a 1921, Gordon Fulcher na kamfanin Corning kuma ya yi amfani da shi kan gilashin masana'anta a 1925. Shi ya sa ake haɗa sunayen mutum ukun.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne T0. Idan zafi ya sauka ya kusanci T0, abin da ke ƙasan rabawa yana kusantar sifiri, kauri kuma ya tafi ba iyaka. Wato lissafin yana nuni da wani mataki, sama da sifirin Kelbin, inda motsi zai tsaya cak. Sai dai T0 kullum yana ƙasa da Tg, don haka abin yana sandarewa kafin a kai can, kuma ba a iya auna shi kai tsaye. Lissafin an tsara shi ne don ya dace da awo, bai fito daga wata ƙa'ida ta asali ba. Ko T0 mataki ne na gaske ko kuwa lamba ce kawai da ke sa lissafi ya daidaita, wannan ce tambayar da ta raba kan masana daga baya.

A 1933 Tammann ya fitar da littafin Der Glaszustand, wato halin gilashi, inda ya tattara bincikensa. Ya bayyana cewa sauyin yana faruwa ne a cikin wani tsakani na zafi, daga inda abu ke da gautsi yana tsagewa zuwa inda za a iya jan zare daga jikinsa. A cikin wannan tsakani ne yadda abu ke kumbura da zafi da yadda yake ɗaukar zafi ke sauyawa.

Ra'ayoyin da suka biyo bayansa

Tun Tammann yana raye, Franz Simon ya jaddada a farkon shekarun 1930 cewa gilashi abu ne da aka tsayar kafin ya kai daidaito, shi ya sa Tg ke ɗan sauyawa gwargwadon saurin sanyayawa. A 1932 William Zachariasen ya bayyana tsarin gilashin yashi a matsayin raga mai sarƙaƙiya wadda ba ta maimaita kanta.

A 1948 Walter Kauzmann ya fito da wata matsala. Entirofi ma'auni ne na yawan hanyoyin da ƙwayoyi za su iya tsayuwa, kuma ruwa ya fi kiristal yawansa. Kauzmann ya lura cewa entirofin ruwan da ya ƙetare daskarewa yana raguwa da sauri, har idan aka ja layin gaba, zai zo daidai da na kiristal a wani mataki sama da sifirin Kelbin. A abubuwa da dama wannan mataki yana kusa da T0 na lissafin Tammann. Julian Gibbs da Edmund DiMarzio sun ba da shawara a 1958 cewa akwai sauyi na gaske a can ƙasa, zuwa abin da ake kira cikakken gilashi. A 1965 Gerold Adam da Gibbs suka haɗa kauri da entirofi: yayin da hanyoyin tsayuwa ke raguwa, dole ƙwayoyi su motsa a ƙungiya, ƙungiyar kuma tana ƙara girma da sanyi. Daga wannan ra'ayi ana iya fitar da lissafin Vogel–Fulcher–Tammann.

Wani ra'ayin ya dogara da sarari. Morrel Cohen da David Turnbull sun ce a 1959 ƙwaya ba ta motsawa sai gurbi ya buɗe kusa da ita, kamar mutum a cikin cunkoson kasuwa, kuma sanyi yana rage guraben. Shi ma wannan yana kaiwa ga lissafi mai siffa ɗaya. Lissafin Williams–Landel–Ferry na 1955, wanda masu nazarin roba ke amfani da shi, daidai yake da na Tammann idan aka sauya yadda aka rubuta shi.

A 1969 Martin Goldstein ya kwatanta lamarin da tafiya a ƙasa mai tuddai da kwaruruka, inda sanyi ke tsare abu a kwari guda. A 1984 Wolfgang Götze da abokan aikinsa, da kuma E. Leutheusser, suka kafa ra'ayin da ke cewa kowace ƙwaya tana cikin keji na maƙwabtanta, kejin kuma yana ƙara matsewa. Wannan ra'ayi ya yi daidai da awo a farkon sanyaya, amma yana hasashen tsayawar motsi a mataki mafi zafi fiye da yadda ake gani. A ƙarshen shekarun 1980 Theodore Kirkpatrick da Devarajan Thirumalai da Peter Wolynes suka yi ƙoƙarin haɗa shi da ra'ayin entirofi. Akwai kuma masana irin su David Chandler da Juan Garrahan da ke ganin babu wani ɓoyayyen sauyi a T0, lamarin duk na motsi ne, inda wurin da ya motsa ke buɗe wa na kusa da shi hanya. Austen Angell ya raba ruwaye gida biyu: masu ƙarfi, kamar narkakken yashi, da ke kusan bin ƙa'idar Arrhenius, da masu rauni, da ke kauce mata sosai. A 1995 Philip Anderson, wanda ya samu lambar Nobel a fiziks, ya sa wannan matsala a sahun gaba na tambayoyin da ba a warware ba game da daskararrun abubuwa. Har yanzu babu ra'ayi ɗaya da masana suka haɗu a kai.

Bayanin gilashi a matsayin ruwan da ya sandare ya haifar da wata kuskuren fahimta da ta yaɗu, cewa tagogin tsofaffin majami'un Turai sun fi kauri a ƙasa saboda gilashin yana kwarara a hankali. Lissafin da Edgar Zanotto na Brazil ya wallafa a 1998 ya nuna cewa a zafin ɗaki lokacin da hakan zai ɗauka ya zarce tarihin ɗan'adam nesa ba kusa ba. Bambancin kaurin ya samo asali ne daga yadda ake yin gilashi a da.

Karramawa da rasuwa

Tammann ya wallafa maƙalu fiye da 500, kuma ya daɗe cikin editocin mujallar Zeitschrift für anorganische und allgemeine Chemie. Ya samu lambar Liebig a 1925, da lambar Heyn a 1929, da lambar Adlerschild ta ƙasar Jamus a 1936, shekarar da ya cika 75. Bayan ritaya ya ci gaba da bincike da rubutu. Ya rasu a Göttingen ranar 17 ga Disamba, 1938, yana da shekara 77.

Ƙungiyar masana kayan ƙira ta Jamus tana ba da lambar tunawa da sunansa, kuma titin da sassan kimiyyar sinadarai na Jami'ar Göttingen suke a kai ana kiransa Tammannstraße. Jikansa Gustav Andreas Tammann, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2019, masanin taurari ne da ya yi fice wajen auna saurin faɗaɗar sararin samaniya. Masana'antun gilashi suna amfani da lissafin Vogel–Fulcher–Tammann har yau wajen sanin zafin da ya dace a narkar da gilashi, a siffanta shi, a kuma bar shi ya huce ba tare da ya tsage ba.